Birkin tsohuwar motar gudu: a gyara na asali, a ƙara masa ƙarfi, ko a dasa wani?

Ƙanen wani abokina a Gusau ya gaji MGB ta mahaifinsu, 'yar kujera biyu mai buɗaɗɗen sama, wadda ta shekara fiye da goma a ƙarƙashin rumfa kaji na kwana a cikinta. Ya tayar da inji, ya sa aka yi mata jan fenti, ranar wata Juma'a da la'asar ya fito da ita shan iska. A shataletalen farko ya taka birki, ƙafarsa ta zarce har ƙasa. Allah ya taƙaita, tulin yashin wani mai gini ne ya tare shi. Da dare ya kira ni.

"Yaya, mutum uku na tambaya, magana uku na ji. Bakanikena ya ce a ciro na Hilux a ɗaura mata. Abokina da ke Ingila ya ce in turo kuɗi ya aiko da sabon saiti gaba ɗaya. Tsohon direban Baba kuma ya ce kada in kuskura in canza komai. Wanne zan bi?"

Ni ba bakanike ba ne. Ya kira ni ne don ya san ina riƙe da Datsun 260Z ta 1974 da kawuna ya bar mini a Birnin Kebbi, kuma na zuba kuɗi a ƙafafunta, wasu sun yi amfani, wasu sun faɗa rijiya. Abin da na gaya masa a daren ne na faɗaɗa a nan, domin duk mai tsohuwar motar gudu, MG ce ko Datsun ko Peugeot 504 mai ƙofa biyu ko Marsandi SL, wata rana a wannan mararraba zai tsaya.

Da me za a auna

Kafin maganar kuɗi, ka fara sanin wace irin tsayawa kake nema, don iri biyu ce. Akwai ta gaggawa, sau ɗaya: saniya ta faɗo kwalta, ko ɗan acaba ya yanko ba tare da ya waiwaya ba. Akwai kuma ta a kai a kai, a doguwar gangara ko a filin tsere, har ƙarfe ya ɗauki zafi birki ya daina ci. A ta farko, duk birkin da zai iya kulle tayoyin gaba a kan busasshiyar kwalta ya riga ya fi tayar ƙarfi, sauran aikin tsakanin roba da titi ne. A ta biyu ne girman faifan birki da ingancin fad, wato 'yan farantan da ke matse faifan, da man birki suke magana. Abin da ya fito da sunan birkin faifai ke nan tun farko: a 1953 Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da fayafan Dunlop, saboda nata birkin bai gaji ba sa'ad da na abokan karawarta ya dahu.

To, mu wace muke yi? Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, daga Jega zuwa Koko, daga Gusau zuwa Talata Mafara, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya. Sai wajen Zuru za ka ga ɗan hawa da sauka. Gangarar da ke dafa birki da gaske sai ka je irin su Hawan Kibo a hanyar Jos. Abokan gabarmu ramuka ne da dabbobi da tudun rage gudu da mutanen gari ke ginawa ba alama. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Saboda haka kafin ka kashe ko kwabo a birki, sunkuya ka karanta lambobi huɗun nan na gefen taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da ta tsufa ta ƙeƙashe a rana, ko zanenta bai lashe ba, babu kalifar (ƙarfen da ke danna fad a jikin faifai) da za ta sa ta kama titi.

Bayan wannan sai kuɗi. Kusan komai a nan dala da fam yake bi, kuma ƙarfe yana da nauyi, kuɗin jirgi da na kwastan kan kai farashin kayan ko su wuce. Sai ƙarko, amma ƙarko a ƙasarmu: zafin bazara da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, laimar damina ga na kusa da fadama, da zaman banza, wanda ya fi dukkansu kashe birki. Motar da ake fita da ita jefi-jefi, fad ɗinta ba ya ƙarewa, robobinta ne ke mutuwa, tsatsa kuma ta ci cikin silinda.

Sai sauƙin samu da sauƙin gyara. Wannan ma'aunin na fi ba nauyi, kuma mujallun Turawa ba sa lissafa shi. Idan roba ta fashe maka tsakanin Tsafe da Funtuwa rana na shirin faɗuwa, ba abin da aka rubuta a kwalin kayan ne zai dame ka ba, wanda zai iya gyara shi nan take ne. Na ƙarshe su ne haɗari idan aikin bai yi daidai ba, da darajar motar ranar da za a sayar ko a bar wa 'ya'ya.

Zaɓi na ɗaya: a maido da na asali yadda kamfani ya yi shi

Yawancin masu cewa birkin tsohuwar mota ba shi da ƙarfi ba su taɓa taka lafiyayyensa ba. Abin da suka taka birki ne mai shekara hamsin da fistin ɗaya (ƙarfen da mai ke turawa ya danna fad) a maƙale, tiyo a kumbure, da man da ya koma kalar shayi. MGB, wadda aka ƙera a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, ta fito da faifai a gaba da duram, wato birki mai siffar ganga, a baya. Datsun Z ma haka, duram ɗinta na baya ma na alminiyam ne mai haƙarƙari don ya riƙa huce zafi. Peugeot 504 mai ƙofa biyu da Marsandi SL ta 1971 zuwa 1989 kuwa faifai ne a ƙafa huɗu. In ban da SL, motoci ne marasa nauyin a zo a gani, kuma birkinsu ya ishe su a lokacinsu.

Da na fara kai tawa wurin wani dattijon bakanike, da maganar manyan kalifofi na je. Ya buɗe murfin masta, wato silindar da fedal ke dannawa ta tura man birki, ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Alhaji, motag ga ba ƙarhe ta rasa ba, roba ta rasa." Na ce, "Baba, ai ƙarfi nake so a ƙara mata." Ya ce in bari ya gama nasa, in har ban gamsu ba sai in je in sayo ƙarfen.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. A kwance masta da kalifofi da silindojin baya, a duba cikinsu. Idan tsatsa ta yi ramuka a bangon silinda, sabuwar roba ba za ta zauna ba, sai dai a canza silindar ko a sa mata sabuwar riga ta ƙarfen da ba ya tsatsa. A canza duk tiyon roba, ko da daga waje lafiya kalau suke, domin tsohon tiyo daga ciki yake ruɓewa: mai ya wuce idan ka taka, ya kasa komawa idan ka saki, taya ɗaya ta riƙa kamawa tana zafi mota na ja gefe. A bi bututun ƙarfe daga gaba har baya. A auna kaurin faifai, mafi ƙarancin da aka yarda da shi galibi a buge yake a jikinsa, kuma idan masu injin feƙe ƙarfe za su kai shi ƙasa da haka, a jefar a sayi wani. A ɗaure lainin baya, wato abin da ke goga cikin duram, don na MGB da hannu ake matsar da shi, kuma rabin kukan da ake yi cewa birki ya yi nisa daga nan yake fitowa.

Kuɗinsa shi ne mafi sauƙi a cikin zaɓi huɗun da zan kawo, sai fa idan komai ya ruɓe. Robobi da tiyo ba su da nauyi, ɗan uwa mai dawowa daga tafiya zai iya sako su a jaka. Kayan MG har yau ana ƙera su sababbi a Ingila. Mai 504 ya fi kowa sa'a, tunda an harhaɗa salun ɗinta a Kaduna shekara da shekaru, kuma kayan ƙafafun mai ƙofa biyu da yawa dangin na salun ne. Duk da haka a tafi da tsohon a hannu a gwada, ko Panteka ta Kaduna za a je ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Haɗarin wannan zaɓi ba a tsarin yake ba, a hannun mai aikin yake. Akwai al'adu uku na gareji da nake roƙon kowa ya tsaya a kan motarsa ya hana. Wanke kayan birki da fetur: robobin birki ba sa shiri da fetur ko baƙin mai ko man giya, kumbura suke yi su yi laushi, bayan 'yan makonni birki ya tafi. Da man birki ko sifirit ake wanke su. Hure ƙurar duram da iska ko da baki: tsofaffin lainin da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuwa cutar huhu ce, a jiƙa a goge. Sai kashe layi, wato a toshe bututun tayar da ke yoyo da ƙusa a ce a lallaɓa da ƙafa uku. Direbobin haya kan yi haka, har da zuba ruwan omo a masta, don su kai gari. Ba gyara ba ne, kuma na ga motar da ta shekara a haka mai ita bai sani ba.

Sai jabu. Na taɓa sayen fad a wurin wani mai kayan gyara, kwali mai kyau da tambarin babban kamfani, kafin wata uku fuskar fad ɗin ta ɓamɓare daga ƙarfenta a bakin wata kasuwa. Araha ba ta ado, amma abin haushin shi ne ba da araha na saya ba.

Zaɓi na biyu: na asali, da ƙarin da ba ya canza masa siffa

Wannan ba ya yiwuwa sai an gama na ɗaya. A kansa ake ɗora fad mai inganci daga irin su Ferodo ko EBC ko ATE, da tiyo mai saƙar ƙarfe a waje wanda ba ya kumbura idan an taka, shi ya sa fedal ke yin tauri a ƙafa. A fad ɗin a nemi na titi. Na tsere sai ya yi zafi yake ci, da sanyin safiyar hunturu kuwa kamar katako ka taka. Sabon fad kuma yana son a zaunar da shi: a samu hanya marar cunkoso, a riƙa ragewa daga gudun kilomita 60 zuwa kusan tsayawa sau takwas ko goma, sannan a yi tafiya ya huce ba tare da an danne fedal a tsaye ba.

Sarbo, wato tulun iskar nan mai taimakon ƙafa, da yawa daga MGB na farko ba su zo da shi ba, kuma ana iya ƙara shi. Amma a san abin da ake saya: ƙafa yake hutarwa, ba ya rage ko taku ɗaya daga nisan tsayawa. Ga dattijo mai ciwon gwiwa, ko wanda ya saba da Corolla ya dawo nan ya ji kamar dutse yake takawa, kuɗin bai tafi banza ba.

Ƙarin da na fi damuwa da shi ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, shi ne mayar da birki layi biyu. A tsohon tsari masta ɗaya ce ke tura mai zuwa ƙafa huɗu ta layi ɗaya. Roba ɗaya ta fashe ko'ina, duka sun tafi, abin da ya sami yaron Gusau ke nan. A layi biyu, gaba daban baya daban, ɗaya ya mutu ɗaya zai tsayar da kai ko da da ƙyar. Amurka ta wajabta wannan tun ƙarshen shekarun 1960, amma MG da aka ƙera wa Ingila ta ci gaba da layi ɗaya har cikin shekarun 1970. Motocin da suka shigo Najeriya kafin mu koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972 kuwa, irin na Ingila ne. Leƙa masta: idan bututu ɗaya ne tak ya fito daga jikinta, layinka ɗaya ne. A MGB canjin yana buƙatar akwatin fedal na samfurin baya da sababbin bututu, aiki ne na gaske, amma shi ne kuɗin da ba zan taɓa cewa an yi asararsu ba. Datsun Z da Marsandi SL da layi biyu suka zo.

A nan akwai wani tarko namu na gida. Motocin da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, an matsar da masta, an yanka bututu an yi ƙari. Na ga ƙari da bututun jan ƙarfe na firji, na ga na walda. Tsantsar jan ƙarfe yana gajiya da girgiza ya tsage. Abin da ya dace shi ne bututun ƙarfe na birki ko na gamin jan ƙarfe da nikel, a buɗa bakinsa da na'urar da aka yi don haka.

Man birki ma zaɓi ne, da lambar DOT da ke jikin gwangwani ake rarrabe shi, ga yadda suke:

| Iri | Tafasa yana sabo | Tafasa bayan ya sha laima | Abin lura |
|---|---|---|---|
| DOT 3 | digiri 205 | digiri 140 | Ko'ina akwai shi |
| DOT 4 | digiri 230 | digiri 155 | Yana gauraya da DOT 3 |
| DOT 5.1 | digiri 260 | digiri 180 | Dangin 3 da 4 ne, ya fi tsada |
| DOT 5 | digiri 260 | digiri 180 | Na silikon, ba ya gauraya da sauran |

Ukun farko ruwa suke zuƙa daga iska, shi ya sa ake zubar da su duk shekara biyu ko motar ba ta motsa ba, kuma shi ya sa wanda ake sayarwa a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin tasha bai cancanci shiga motarka ba. Suna cin fenti idan suka ɗiga. DOT 5 ba ya shan ruwa, ba ya cin fenti, masu ajiye mota a Turai suna son sa. Ni ban ba kowa shawarar sa a nan ba. Ranar da yaron gareji zai ga man ya ragu ya cika maka da DOT 3 don ya kyauta maka, ranar an ɓata komai. DOT 4 a rufaffen gwangwani ya isa.

Zaɓi na uku: dashen kayan wata mota

Bakaniken Gusau bai yi shirme gaba ɗaya ba, motar ce ya kuskure. A Datsun Z, kalifa mai fistin huɗu ta tsohuwar Toyota a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, ta wajen 1979 zuwa 1985, tana hawa kan ramukan asali ba yanka ba walda, kuma masu Z a duniya sun daɗe suna yin haka. Ni ma na yi daga baya. Abin da ya fi daɗi a ciki ba ƙarfin ba ne, samun fad ɗin Toyota a garuruwanmu ne ba sai an jira jirgi ba.

Amma fistin huɗu sun fi biyu shan mai. Da na ɗaura su, fedal ya yi nisa ya yi laushi, har sai da na canza masta daga ta asali mai faɗin 7/8 na inci zuwa ta Datsun 280ZX mai 15/16. Da aka yi haka fedal ya dawo sama, ya kuma ƙara nauyi a ƙafa. An sayar da kare an sayi biri, in ji dattijon nan, yana dariya. Kuma gaba ya ƙara rinjaye. Dama can ƙafafun gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, idan aka ƙara musu ba a taɓa baya ba, za su riƙa kullewa tun baya bai gama ba da nasa ba, a tsayawar gaggawa sai ka ga ba ka ci ribar komai ba. Akasin haka ya fi muni: idan baya ya riga gaba kullewa, gindin mota ne zai zagayo, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta kuwa kafin ka ankara kana kallon inda ka fito.

Wannan dashe ne da dubban mutane suka gwada. Wanda ake yi da ka, a ɗauko kalifar duk da ta yi kama, a yanko farantin ƙarfe a yi mata mazauni da walda, wani abu ne daban. Mazaunin kalifa yana ɗaukar dukkan ƙarfin tsayar da mota, kuma idan ya karye ba ya sallama. Ga MG akwai ƙarin matsala: zaren kusoshinta na inci ne, na motocin Japan na milimita. Kan bututu mai zaren 3/8 yana shiga ramin M10 har ya yi kamar ya ɗauru, alhali rabin zare ne ya kama. Zai riƙe a gareji, ya riƙe a cikin gari, ya ƙwace ranar da ka taka da dukkan ƙarfinka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Kuɗin dashe matsakaici ne idan kayan Kwatano aka samu, sai dai tsohuwar kalifa ma sai an yi mata sababbin robobi kafin a ɗaura. Ƙarko kuwa babu laifi, kayan a-kori-kura an yi su ne don ƙura da taɓo. Ka rubuta duk abin da aka dasa da motar da aka ciro shi a takarda ka ajiye a motar, ka kuma adana na asalin a kwali. Mai saye na gaba zai tambaya.

Zaɓi na huɗu: cikakken saiti daga waje

Kamfanoni irin su Wilwood na Amurka suna sayar da saiti da aka auna wa mota takamaimai: kalifar alminiyam mai fistin huɗu, faifai mai ramukan iska a tsakiya, mazauni da kusoshi. Wajen jure zafi babu na biyunsa, kuma lissafin da ke ba mutum wahala a zaɓi na uku an riga an yi maka. Shi ne kuma mafi tsada, nesa ba kusa ba, kuma kuɗin ba ya tsayawa a kwalin. MG da Datsun da wili mai inci 14 suka zo, manyan saiti da yawa ba sa shiga ciki, sai ka sayi wili huɗu da taya huɗu.

Abu biyu ne suka sa na ja baya. Kalifofin da aka yi don tsere da yawa ba su da robar da ke kare fistin daga ƙura, domin a can bayan kowane tsere ake kwance su a wanke. Ka kawo irin wannan cikin hunturun Kebbi, ƙura ta zauna a kan fistin, damina ta zo ta kwaɓa ta. In za ka saya, ka tabbatar mai robar ƙura ce. Na biyu, fad ɗinsa da robobinsa babu su a kasuwarmu, dole ka sayi na ajiya tun farko. Faifai mai huje-huje a fuska kuwa ado ne, daga bakin ramukan yake fara tsagewa.

Mayar da duram na baya zuwa faifai, wanda ake yawan haɗawa da saitin, shi ne abin da na fi ganin ba shi da amfani a motocin nan. Baya aikinsa kaɗan ne, duram ya fi rufuwa daga yashi, kuma birkin hannu ya fi kamawa a duram. Wanda ya dage sai ya yi, ya tuna akwai ɗan bawul da ke riƙe ragowar matsi a layin duram, idan ba a cire shi ba faifan zai riƙa gogawa yana zafi.

| | Na asali | Na asali da ƙari | Dashe | Saitin waje |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mafi sauƙi | Ya ɗan ɗara | Matsakaici | Mafi tsada |
| Tsayawar gaggawa | Ya isa | Ya isa, fedal ya fi tauri | Kusan ɗaya | Kusan ɗaya |
| Jure zafi | Daidai gwargwado | Ya fi | Ya fi | Mafi kyau |
| Ƙura da damina | Mai kyau | Mai kyau | Mai kyau | Sai mai robar ƙura |
| Samun kaya a gida | Ya danganta da mota | Wasu sai an aiko | Mafi sauƙi | Babu |
| Haɗarin kuskure | Kaɗan | Kaɗan | Babba | Matsakaici |
| Darajar mota | Tana nan | Tana nan | Tana iya raguwa | Ya danganta da mai saye |

Wa ya dace da wanne

Idan motarka ta ɗaurin aure ce da hawan salla da zagayen yamma, ko ta shiga jerin motoci lokacin bikin kamun kifi na Argungu, zaɓi na ɗaya ya ishe ka. Abin da za ka ƙara shi ne ɗabi'a: fita da ita kowane mako biyu ka taka birki sosai, kada ka bar ta watanni da birkin hannu a ɗage don lainin kan manne da duram, sa mata dutse a taya.

Mai 504 mai ƙofa biyu ko Marsandi SL, kai ma a nan za ka tsaya. Faifai huɗu gare ka, babu abin da za a dasa maka da ya fi wanda ke jiki.

Idan kana cin dogon zango, Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ko Gusau zuwa Zariya, ko motar layi ɗaya ce, je ka na biyu, kuma layi biyun ya riga fad mai tsada shiga lissafi.

Dashe na mai Datsun Z ne wanda ya gaji da jiran fad daga waje, yana kuma da bakaniken da zai zauna ya daidaita masta. Duk motar da sai an kunna injin walda kafin kalifa ta zauna, a bar maganar.

Saitin waje na wanda ya canza inji ya sa mai ƙarfi sosai ne, ko mai niyyar kai motar filin tsere, ko mazaunin ƙasar duwatsu. A Kebbi da Zamfara irin waɗannan ba su da yawa.

Shi yaron Gusau, da aka kwance motar, silindar baya ta hagu ce ta yi ramukan tsatsa, tiyo uku kuma tun na zamanin mahaifinsa ne. Na ce masa, "Ƙanena, gaya wa abokinka na Ingila ya bar saitin nan. Ya aiko da silinda biyu na baya, robobin kalifa, tiyo uku, da masta mai layi biyu da akwatinta." Kuɗin da ya rage ya sayi taya huɗu da su. Tsohon direban Baban nasu ya zo gareji ya tsaya a kan aikin, ya yarda da komai ban da mastar, har yanzu idan suka haɗu sai ya ce Alhaji ya shekara ashirin yana tuƙa ta da bututu ɗaya.